Darasi: Karatun Hoto, Zanen Waliyyai da na Matattu a Wurin Katolika

Kafin ɗayanku ya fara haɗa baƙi da wasali a wannan aji, ya daɗe yana wani irin karatu. Baƙon da ya sauka a tashar Dogon Dutsi yana gane shagon mai aski da kawunan da aka zana a allon ƙofa. Ranar zaɓe, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana gane jam'iyyarta da alama da launi. Karatun hoto ke nan. Yana da ƙa'idoji, ana koyonsa, kuma ana yin ɓatan kai a cikinsa idan ba a san abin da mai zanen yake nufi ba.

A darasin yau za mu gwada wannan karatu a kan zanen da talakawa mabiya ɗariƙar Katolika suke yi na waliyyansu da na matattunsu. Sana'ar ba ta ƙasar Arewa ba ce. Gidanta Fotugal da Sifen da kudancin Italiya da Meziko. Mafi yawanmu Musulmi ne, kuma addininmu bai yarda da zana annabawa ba, balle a durƙusa gaban zane. Ba a kawo darasin don a sauya wa kowa aƙida ba. An kawo shi ne don muna da maƙwabta Kiristoci, kuma mun ga abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015, lokacin da fushin wani zanen ɓatanci da aka yi a Faransa ya ƙare a kan majami'un mutanen da ba su da hannu a ciki. Wanda ya san abin da hoto ke faɗa, da wanda ya yi shi, ya fi wuyar tunzurawa.

Hoton da ya zo da fada-fada

An buɗe mishan ɗin Katolika a Dogon Dutsi a 1947, kuma makarantarsa ta karantar da 'ya'yan Musulmi da yawa. Fada-fadan, wato limaman Katolika, da suka riƙe aikin coci a Nijar bayan yaƙin duniya na biyu 'yan wata ƙungiya ce mai suna Redamtoris. A cikinsu aka naɗa bishop na farko na Yamai, Hippolyte Berlier, a 1961. Wani malamin coci, Alfonso de Liguori, shi ya kafa ƙungiyar a 1732 a yankin birnin Nafoli na Italiya.

Wannan ƙungiya tana da hoto guda da take kai wa duk ƙasar da ta shiga. Tsohon zane ne a kan katako, aikin tsibirin Kirit na ƙasar Girka, wanda Fafaroma Piyus na tara ya damƙa musu a Roma, suka kafa shi a majami'arsu a 1866. Suna kiransa Uwar Taimako na Kullum, kuma sunan da babbar majami'ar Katolika ta Yamai ke ɗauke da shi ke nan. Wanda bai saba ba zai ce mace ce kawai riƙe da yaro. Mai ibada kuwa yana ganin labari cikakke. Matar Maryamu ce, yaron kuma Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. A sama, hagu da dama, akwai mala'iku biyu, Mika'ilu da Jibrilu, ɗauke da gicciye da mashi da ƙusoshi. Yaron ya waiwaya ya gan su, ya kama hannun uwarsa da hannu biyu, takalminsa ɗaya ya kwance yana lilo. Masu bayani suna cewa tsoron abin da ke jiransa ne ya sa ya ruga wurin uwa har takalmin ya kusa faɗuwa. Ku lura da inda ma'anar ta ɓuya: a igiyar takalmi, abin da ido zai iya tsallakewa.

Me ya sa suke zane?

Su kansu Kiristoci sun sha jayayya a kan hoto, har da fasa gumaka da ƙone alluna. Wajen shekara ta 600, wani bishop na Marsai ya farfasa hotunan majami'arsa don ya ga mutane na yi musu sujada. Fafaroma Giregori ya rubuta masa cewa ya kyauta da ya hana sujadar, amma bai kyauta da fasawa ba, domin abin da rubutu ke yi wa mai karatu, shi hoto ke yi wa wanda bai iya ba. Taron malaman coci na Nikiya a 787 ya bambanta girmamawa da bauta: a faɗarsu bauta ta Allah ce kaɗai, girman da aka ba hoto kuma yana komawa ga mai hoton. Taron Trento na 1563 ya sake tabbatar da haka. Kiristocin ɗariƙar Furotesta da yawa ba su karɓi wannan bayani ba, shi ya sa za ka shiga majami'unsu ka tarar da bango fayau. Saboda haka kuskure ne a ce duk Kirista yana ajiye hoton waliyyi.

Tun da ba a san kamannin yawancin waliyyan ba, sai aka ba kowanne alamarsa. Mai riƙe da mabuɗai Bitrus ne. Mai ma'auni da takobi Mika'ilu ne. Manomi a tsaye da shanun huɗa a bayansa Isidoro ne na Madrid, wanda manoman Sifen da Meziko ke tunawa ranar 15 ga Mayu, suna roƙon ruwa. Baƙin mutum sanye da rigar sufaye, da tsintsiya a hannu, Martin de Porres ne na birnin Lima, ɗan wata 'yantacciyar baiwa, wanda ya rasu a 1639 aka sa shi cikin waliyyai a 1962. Mai zane yana da 'yancin sa fuska ta yi kama da ta mutanen garinsu, amma idan ya ba Bitrus tsintsiya ya ɓata rubutu.

Mutanen da ke cikin wuta

Zanen da ya fi rikita baƙo shi ne na mutane tsirara daga ƙugu zuwa sama, harshen wuta ya kewaye su, hannuwansu a ɗage. Da ganinsa za ka ce Jahannama ce. Ba ita ba ce. Katolika sun yi imani cewa wanda ya mutu cikin yardar Allah amma da sauran dattin zunubi a kansa, sai an tsarkake shi kafin ya shiga Aljanna. Wannan mataki shi suke kira Purgatori, wato wurin tsarkakewa. Wutarsa irin ta maƙeri ce, mai fitar da tsatsa ta bar ƙarfe. Duk wanda ke ciki ya riga ya tsira, jira kawai yake yi, kuma addu'a da sadakar masu rai suna rage masa jiran. An rubuta wannan koyarwa a taron Liyon na 1274 da na Filorans na 1439. Tun kafin nan, a farkon ƙarni na 11, shugaban gidan sufaye na Kuluni a Faransa, Odilo, ya ware ranar 2 ga Nuwamba don yi wa dukan matattu addu'a, kuma har yau ranar ce Katolika ke ziyarar maƙabarta.

Ga yadda ake bambanta zanen biyu. A na Jahannama akwai shaiɗanu, fuskoki a murtuke, kawuna a sunkuye, babu ƙofar fita. A na tsarkakewa idanu suna kallon sama, tafukan hannu a haɗe, kuma kusan kullum akwai mala'ika da ya miƙo hannu yana ciro mutum ɗaya. Allon yakan kasu hawa uku. A ƙasa wuta da masu jira. A tsakiya masu ceto: Mika'ilu da ma'auninsa, ko wani waliyyi yana zuro igiyar ɗamararsa don a kama. A sama Maryamu ko gicciye.

A hawan ƙasa ne talaka mai zane yake faɗin ra'ayinsa. Tun da kowa tsirara yake, da abin da ke kai ake gane matsayi, sai ka ga a cikin wutar akwai mai kambin sarauta, da mai doguwar hular bishop, wani lokaci har da mai hular Fafaroma, kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar ƙauye. Ba a ɗauki wannan rashin kunya ba, domin koyarwar ce ta ce mutuwa ba ta duba rawani. Amma ba sai an faɗa ba, manomin da ya biya harajin sarki da zakkar coci yana jin wani sanyi a ransa idan ya wuce wannan allo.

Wani abin lura: a 1999 Fafaroma Yohana Bulus na biyu ya bayyana cewa tsarkakewar yanayi ne da rai ke shiga, ba wani wuri mai iyaka ba. Malami yana iya faɗin haka da baki. Mai fenti ba shi da yadda zai zana yanayi, dole ya nemo ja da rawaya. Da yawa daga abin da talakawa suka ɗauka game da lahira, daga burushin mai zane suka same shi, ba daga littafi ba.

A arewacin Fotugal irin waɗannan alluna ba a cikin majami'a kaɗai suke ba. Suna mararrabar hanya, da bakin gada, da jikin katangar gona, cikin 'yar alkuki da aka gina da dutse. Suna kiransu alminhas, ƙananan rayuka. Ana zana su a katako ko a kan tayil mai shuɗi da fari, a ƙasa akwai akwatin ƙarfe na jefa kuɗi, da haruffa huɗu, P.N.A.M., farkon sunayen addu'o'i biyu da ake roƙon mai wucewa ya karanta. Rubutun da ke jiki yakan zo da muryar matattun kansu, suna tuna wa mai tafiya cewa inda yake nan suka taɓa tsayawa. Mafi shahara tana bakin kogin Duro a birnin Porto. Ranar 29 ga Maris 1809 mutanen garin suna gudun sojojin Faransa suka yi cincirindo a kan wata gada da aka yi da jerin kwale-kwale, jama'a masu yawa suka nitse. Har yanzu ana kunna musu kyandir a wurin.

Akwatin kuɗin nan shi ne raunin al'adar. Kuɗin na biyan fada ya yi wa matattu ibada, kuma inda tsoro ya haɗu da kuɗi ba a rasa mai cin riba. Sayar da takardun yafe horo da sunan 'yanto iyaye daga wuta shi ne abin da Martin Luther ya tasar wa a Jamus a 1517, rigimar da ta raba cocin Turai biyu. Taron Trento ya riƙe koyarwar, amma ya umarci bishop-bishop su hana camfi da neman kuɗi a cikinta. Umarnin bai hana jama'a bin tasu hanya ba. A Nafoli, a da, mata sukan zaɓi ƙoƙon kan wani mamaci da ba a san shi ba a maƙabartar Fontanelle, su goge shi, su yi masa addu'a, su jira ya saka musu da miji ko aiki ko lambar caca a mafarki. A 1969 babban limamin birnin, Kadinal Ursi, ya haramta abin.

Fallen kwano a Meziko

Inda wannan zane ya zama na kowa da kowa shi ne Meziko a ƙarni na 19. Dalilin ba na addini ba ne, na kasuwa ne. Zane a kan yadi ko tagulla sai mai hali. Da aka fara shigo da falle-fallen ƙarfe marasa kauri, irin na yin gwangwani, daga Ingila, sai masu zanen jihohin Zakatekas da Guwanahuwato da Halisko suka riƙa yanka su ƙanana, yawanci ba su kai kamu ɗaya ba, su shafa farar ƙasa ko jan fenti, su zana waliyyi da fentin mai. Ana sayarwa a kasuwa da wurin ziyara, kowane gida ya kafa nasa. Galibin masu zanen ba su sa hannu ba. A cikin hotunan da aka fi saye akwai na mace guda a cikin wuta, sarƙa a wuyan hannunta, idonta sama, wadda ke wakiltar mamacin da ba shi da kowa mai tuna shi. Can arewa, a yankin da yanzu yake jihar Niyu Meziko ta Amurka, inda kaya ba sa isa da sauƙi, da katakon itace aka yi aiki: a shafe shi da alli da aka dama da manne, a samo launi daga jar ƙasa da gawayi da baba, wannan dai baban da marinanmu suka sani, a rufe da ƙaron itace. Da injin buga hoto mai launi ya yi arha a ƙarshen ƙarnin, sana'ar zanen waliyyai ta faɗi.

Reshe ɗaya ne injin bai iya kashewa ba, shi ne allon cika alwashi. Mutum ya shiga uku: rijiya ta rufta da shi, ko sa ya soke shi, ko haihuwa ta zo wa matarsa da gardama. A cikin halin ya yi alwashi ga waliyyin da ya saba kira, cewa in ya fita zai kai shaida. Ya fita. Sai ya je wurin mai zane ya ba shi labari, su yi ciniki, a zana masa. Ba a iya buga irin wannan a inji, don hatsarin kowa nasa ne.

Shi ma hawa uku ne. A kusurwar sama waliyyin yana cikin gajimare. A tsakiya abin da ya faru, sau da yawa a daidai lokacin da ya fi muni: motar tana cikin juyawa, mara lafiya a kwance 'yan'uwa sun durƙusa. A ƙasa layi huɗu ko biyar na rubutu: suna, gari, rana da shekara, abin da ya auku, da godiya. Mai shi ya ɗauka ya yi tafiya, wani lokaci ta kwanaki, zuwa wurin ziyara irin San Juan de los Lagos a Halisko ko Plateros kusa da Fresnillo, ya kafa a bango cikin dubban irinsa.

Rubutun nan cike yake da kurakurai. Harafi ya ɓace, kalma biyu sun manne, layi ya ƙare babu wuri sai aka matse sauran. Ku da kuke jin kunyar rubutunku ku saurara: waɗannan layuka masu kuskure su ne yau masana tarihi ke bi don sanin cututtukan da suka addabi ƙauyuka, da irin hatsarin ramin haƙar azurfa, da yadda talaka ke furta harshensa. Takardun gwamnati sun rubuta sunayen gwamnoni. Sunan matar da ta tsira daga kwalara, ita ta biya aka rubuta shi. Ɗaya daga masu zanen da aka san sunansu, Hermenegildo Bustos, wanda ya rayu daga 1832 zuwa 1907 a garin Purísima del Rincón, mai sayar da ƙanƙara mai zaƙi ne, bai yi makarantar zane ba, yau kuwa aikinsa yana gidajen tarihi. Shahararriyar mai zane Frida Kahlo ta tara ɗaruruwan waɗannan alluna a gidanta.

A 1995 wasu masana biyu, Jorge Durand da Douglas Massey, suka fitar da littafi a kan allunan 'yan ci-rani da suka tsallaka Amurka. Abin da ke ciki ba zai zama baƙo ga mutumin Gecheme ko Kore Mairuwa da ɗansa ya tafi Legas ko Abijan ko Libiya ba: wani ya ɓata a hamada ƙishirwa ta kusa kashe shi, wani kogin kan iyaka ya ja shi, wani ya fito daga kurkuku, wata uwa tana godiya don ɗan da aka daina jin ɗuriyarsa ya dawo. Tun da masu tara kayan tarihi suka sa musu farashi, sai sata daga wuraren ziyara da ƙirƙirar na jabu suka biyo baya.

Kusa da gida

A Afirka, coci ya fi dogara da hotunan da aka bugo daga Turai, masu farar fata da shuɗin ido. An yi ƙoƙarin sauya haka. A Oye-Ekiti ta ƙasar Yarbawa, daga 1947, Fada Kevin Carroll ya tara masassaƙa su yi wa majami'u aiki da salon gida, kuma wanda ya fi shahara a cikinsu, Lamidi Fakeye, Musulmi ne. A shekarun 1970 an fitar da jerin hotunan rayuwar Yesu da aka tsara a ƙauyukan Mafa na arewacin Kamaru, da bukkoki da tulu da ƙwarya, suka bazu a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Sai dai duka biyun daga sama aka shirya su. Ba talaka ne ya je da kuɗinsa ya ce a zana masa ba.

Abin da ya fi kama da na Meziko a wajen Musulmi yake. A Senegal ana zana Shehu Amadu Bamba da Alhaji Malik Si a bayan gilashi, a rataya a ɗaki da shago. A kudancin Masar, idan mutum ya dawo Hajji, ana zana Ka'aba da jirgin da ya hau a bangon gidansa, da sunansa da shekara. A kasuwanninmu ana sayar da hoton Shehu Ibrahim Inyas, ana manna shi a mota, wasu malamai na yarda wasu na hani. Saɓanin da ke tsakanin malamin littafi da mai ibadar gida ba na addini ɗaya ba ne.

A nan Arewa hulɗa da mamaci ba ta bi ta fenti ba. Musulmi suna yi wa nasu addu'a da sadaka, wasu ranar uku da bakwai da arba'in, wasu kuma sun bar ƙidayar ranakun suna ganin ba ta da asali. Wannan ba Purgatori ba ne, kada a haɗa su, kowace aƙida da tushenta. A gargajiyar Azna ta Lugu kuwa, idan Sarauniya ta rasu, ana ɗaukar gawarta a yi tarkama, ita ce ke jan masu ɗauke da ita zuwa ga wadda za ta gaje ta. A allon Fotugal mamaci yana roƙon mai rai. A Lugu mai rai ne ke jiran hukuncin mamaci.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya faɗi da baki alamomin da zai duba ya bambanta zanen Jahannama da na wurin tsarkakewa, sannan mutum ɗaya ya rubuta su a allo.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowa ya nemo zane ɗaya a garinsu, na jikin babbar mota ko na ƙofar shago ko na bangon asibiti. Ya tambayi wanda ya sa aka yi shi dalilinsa da abin da ya biya, ya zo ya ba aji labari.

A littafinku, ku rubuta layi huɗu game da wani hatsari ko ciwo da Allah ya fisshe ku ko wani naku: gari, shekara, abin da ya faru, da wanda ya kawo ɗauki. Kada ku tsaya gyaran kuskure, malami zai bi da ku layi-layi a mako mai zuwa.